Gardamar Lahadi a Ludlow

Ana yayyafi, Wilfred ya ɗaga bonet ɗin Jaguwarsa:
"Silinda shida, Alwyn, zo ka ƙirga.
Mil ɗari da hamsin a awa, ba ta haki."

Alwyn ya shafa jar Mini tasa,
mai tsatsa a gindin ƙofa:
"Huɗu gare ta, saba'in ma da ƙyar.
Amma a kwanar coci, wa ke shan gaban wani?
Man da taka ke sha a yini
ya ishi tawa mako."

Suka sa tsere.
Jaguwa ta yi tari biyu, ta yi shiru.

Mini ce ta jawo ta da igiya har gareji,
Wilfred a baya, riƙe da sitiyari,
yana cewa, "Sanyi ne kawai."