Fuska ta Goma Sha Tara

Babana, Karunadasa, ba ya sassaƙa kyawawa.
A Ambalangoda, inda ake jin numfashin teku daga kan gado,
yakan saro icen kaduru a gefen fadamar shinkafa,
ya rataye shi bisa murhu kwana bakwai
har hayaƙi ya kori tsutsa da ɗanyantaka,
sannan ya zauna da gizago
yana tono ciwo daga cikin itace.

Goma sha takwas ne, yadda kakansa ya ƙirga masa:
mai zazzaɓi, ja kamar garwashi,
mai amai, kore, harshe a waje,
kurma, da kumurci kwance a gefen kunnensa,
da sauransu, kowa da tasa muni.
Ni ce mai fenti.
Ni ke sa musu haƙora.

An ce labarin zuciya a tambayi fuska.
Baba ya ce, in cuta ba ta da fuska fa,
wa za a tambaya?
Shi ya sa ake ara mata.
Dare guda ana kiɗa, ana watsa garin ƙaro a bakin wuta,
mai jinya na kwance a tabarma
sai ga ciwonsa ya shigo fili yana ɗingishi.
Makaɗi ya tsokane shi, ya yi masa ba'a,
a miƙa masa 'yar shinkafa, a ce kama hanya.
Kafin zakara ya yi cara, mai jinyar ma ya dara.
Abin da ka yi wa dariya ya rage tsawo.

Yanzu baƙi ne ke cika shagon.
Wata tsohuwa daga Italiya ta zana mini a bayan rasit
dogon baki irin na zalɓe,
wanda likitocinsu ke cusa wa ganye mai ƙamshi zamanin annoba.
Wani Bajapane ya ce tasu ta fi wayo:
ɗaga ta, murmushi; sunkuyar da ita, kuka,
alhali ice guda ne.
Wani kuma ya kawo zancen Masar,
zinariya a kan fuskar gawa
don kada rai ya ɓace wa gidansa.
Ina naɗe musu kayansu a tsohuwar jarida,
ina cewa a raina: ashe kowa da abin da ba ya iya kallo ido da ido.

Sai safiyar da teku ya ja da baya kamar mai jin kunya,
ya dawo da gudu.
Ya ɗauki kwalekwale, ya ɗauki wana Sudath,
bai mayar mana ko takalmi ba.

Baba ya duba cikin goma sha takwas,
babu wadda ta yi kama da wannan.
Ya ɗauki gungume.
Wata uku yana kansa.
Ba fiƙa, ba jan ido, ba maciji,
goshi ne kawai, da kumatu, da baki a rufe,
da ɗan tabo a haɓa, inda ƙugiya ta taɓa kama wana.
Ya miƙo mini. Na buɗe kwanukan fenti,
na rufe su.

Sau ɗaya ya sa ta.
Tsakar dare ne, ba ganga, ba wuta,
na hango shi ta kafar ƙofa, kafaɗunsa na rawa su kaɗai.
Kayan aro ba ya rufe katara:
ruwa na ɗiga ta ƙarƙashin haɓar itace.

Tana nan rataye bisa murhu,
hayaƙi na yi mata fentin da na kasa.
Jiya wani baƙo ya leƙo madafa, ya ce nawa?
Baba bai ɗago daga gizagonsa ba.
Ya ce, wannan
ba mu iya yi mata dariya ba tukuna.