Shida Ban Da Ɗaya

Shekara tara ina ɗakin awo a asibitin Maraɗi,
ina leƙa jinin mutane ta madubi,
ban taɓa leƙa nawa ba.

Sabi'u na da kwana huɗu a duniya
farin idonsa ya koma gwaiduwa.
Inna Cima ta ce shawara ce, a jiƙo saiwa.
Na sunkuya, na shinshina zanen goyo.
Kafur.
Ƙwallo uku a gindin akwati,
da hannuna na sayo su a babbar kasuwa, don kyankyasai.

A daren na tuna allon Malam Ɗan Jimo,
zanen da muka haddace don jarrabawa
muka zubar a bakin ƙofa.

Sukari kan shiga ƙwayar jiki
da duwatsu shida a zare guda.
Yawancinsa babban titi yake bi,
a ƙone shi, a sami ƙarfin daka da na hawan tudu.
Kaɗan ke ratsewa ta wani lungu.
A bakin lungun akwai mai gadi.
Shi ke buɗewa, a cire dutse ɗaya,
ya fita da numfashi, ba sallama.
Biyar ɗin da suka saura
su ne gorar da ake ɗaura rubutun gado a kai,
hancin uba, wushiryar kaka.

Kuma ana ba da canji a hanya, dala biyu.
Da su ake biyan mai kankare tsatsa.
Sauran ƙwayoyi suna da wata ma'ajiya,
jar ƙwayar jini ba ta da kowa,
ba murhu, ba rumbu,
kwana ɗari da ashirin tana dako
da canjin lungun nan kaɗai.

Mai gadin Sabi'u rago ne.
Ba laifinsa.
Da warin kafur ya shigo, ba a sami na biya ba,
tsatsa ta ci, ƙwayoyin suka fashe
kamar tulunan da aka sauke da gaggawa.

Kwana uku yana kwance ƙarƙashin shuɗiyar fitila,
an ɗaure masa ido.
Ta taga ina jin kabu-kabu suna gangarawa Gulbi.
Na ɗebi jinina da kaina, na ba Habsu ta auna.
Ba ta ce komai ba. Ta tura mini takardar.
Ta wajen uwa ake gadonsa, na sani,
ni na amsa wannan tambaya daidai a aji.

Yanzu shekararsa shida.
A aljihun rigarsa ta lakwal akwai 'yar takarda
da sunayen magungunan da ba a ba shi.
Jiya ya zo da lissafi:
Inna, shida a ɗebe ɗaya?
Na ce biyar.
Ya ce ina ɗayan ya tafi?
Na ce hura mini a tafin hannu.
Ya hura.