Shekarar da Albasa ta Ruɓe

Shekarar da ruwa ya shiga rudunmu a Galmi
buhu arba'in da bakwai suka narke.
Wari ya kai har bakin kwalta,
direbobin Abijan na toshe hanci su wuce.
Baba Barnaba kuwa na kwance a asibiti,
gado na uku daga taga,
numfashinsa kamar ana jan guga
daga rijiyar da ta kusa ƙafewa.

Da asuba na ji muryar Inna.
Tana tsugune gaban tulin ruɓaɓɓiya,
tana tsince mai rai, tana jefawa a kwando,
tana yabon Ubangiji
da muryar nan tata mai sakin hanya,
wadda matan zumunta ke ɓoyewa a layin baya.

Na ce, "Inna Damaris, yabon me?
Maroƙi ma sai ya hango riga yake buɗe baki.
Ke me kika hango?
Ga bashin taki, ga na man injin ban ruwa,
ran Laraba Ɗan Jumma zai zo da littafinsa."

Ba ta ɗago ba.
Ta ce, "Ishaya, miƙo kwandon can."
Sai da ya kai rabi ta yi magana:

"Maroƙi na yabo don a ba shi.
Ni an riga an ba ni,
tun ban san hannun dama ba,
tun ranar da Yesu ya ɗauki abin da ya fi ƙarfin wuyana.
Yabo ba goro ba ne
da zan kai wa Allah ya sassauta mini.
In na yi shiru ba abin da ya ragu a gare shi.
Ni ce zan ragu.

Baki ba ya kwana da yunwar suna.
In bai kira Mai shi ba, bashi zai kira,
safe bashi, dare bashi,
har bashi ya sa rawani a gidan nan
mu riƙa faɗuwa muna gaishe shi.
To, ni ban yarda ba.
Da safe nakan faɗa wa kunnena wane ne babba,
don kunnen nan mantuwa gare shi."

Ban amsa ba. Haushi nake ji.

Ran Alhamis Baba ya tafi.
Na zuba mata ido a bakin kabari,
na ce yau zan ga ƙarshen waƙa.
Ta yi kuka har zane ya jiƙe,
sannan ta ɗauko ta daga inda ta ajiye,
murya na rawa, tana faɗuwa, tana tashi,
kamar ɗan akuyar da aka haifa yanzu.

Kwando shida muka tsira da su.
Su muka dasa don iri.

Bana shekara tara.
Inna na kusa da Baba, ƙarƙashin aduwa.
Ni ke ban ruwa yanzu, tun taurari ba su gudu ba,
kuma ban gama gardamar da ita ba.
Amma jiya, ina buɗe wa fangali ruwa,
'yata Tabita ta ja mini riga:
"Baba, waƙarka ta saki hanya."

Ban ma san ina yi ba.