Abin da Fensir Ya Ce

A Aldershot, bayan tashar jirgin ƙasa,
ina da shago mai faɗin tabarma uku
inda nake ɗinke littattafan da suka yage.
Ran Laraba, ana yayyafi tun asuba,
Dermot Askew ya shigo da ƙunshi cikin leda,
ya ajiye a tebur kamar mai ajiye ƙwai.

"Gyara min bangon," ya ce. "Kar ka taɓa ciki."

Littafin koyon harbi ne daga nesa,
na sojan da ake ɓoyewa a kan rufi ko cikin ciyawa,
ya wuni ya kwana bai motsa ba.
Bangon kore ne, ya sha hannu har ya yi baƙi,
zaren ya saki kamar haƙoran tsoho.

Ɗinki ba ya yiwuwa ido a rufe.
Na karanta.

Akwai babi a kan iska,
yadda ake jin gulmarta a bakin ganye.
Akwai babi a kan numfashi,
yadda ake lallashin ƙirji har zuciya ta yi ladabi.
Da na iso babin haƙuri sai na yi dariya ni kaɗai:
wannan ai wa'azin mahaifiyata ne,
an dai sa masa kaki da takalmi.

Amma tun daga fari har ƙarshe
ban ga inda aka ce mutum ba.
Abin hari, suke cewa.
Abin hari ba shi da uwa, ba a binsa bashi,
ba ya tari, ba ya mantuwa,
tsawo gare shi da faɗi, shi ke nan.

Kakana Jatau maharbi ne,
bai san baƙi ba balle ya yi littafi.
Doka ɗaya na ji daga bakinsa,
yana shafa wa tsarkiya mai a gindin tsamiya:
ba a harbin dabba tana shan ruwa.
Na tambayi dalili, ya ce in je in girma.

Shafi na sittin da ɗaya,
a gefe, inda takarda ta bar fili,
fensir ya yi magana da ƙaramar murya:

Awa tara ina kallonsa.
Na fi matarsa sanin yadda yake sosa ƙeya.
Ya fito da shayi. Kofin ja ne.
Ya hura kafin ya kurɓa.

Babu kwanan wata, babu sunan gari.
Daga nan fensir bai ƙara cewa uffan ba.

Na ajiye allura.
Butata tana tafasa a kusurwa,
na bar ta har ta gaji ta kashe kanta.

Na san Dermot, kowa a layinmu ya san shi.
Kullum yana bakin ruwa da tabaran hangen nesa,
yana ƙirga agwagi, yana rubuta sunayen tsuntsaye.
Ba a taɓa ganin ya zauna ya juya wa taga baya ba.

Ran Juma'a ya dawo.
Na ce in zuba masa shayi? Ya ce ruwa ya isa.
Ya juya littafin, ya shafa sabon bango,
ya sansana manne, ya ce, "Ka karanta?"
Na ce, "Zare na bi."
Ya gyaɗa kai. Tsoho ya san ƙaryar da aka yi don kunya.

A ƙarshen littafin na ƙara farar takarda,
shafi takwas, ban sa a kuɗi ba.
Ya lashi yatsa ya ƙirga su ɗaya-ɗaya,
sannu a hankali, kamar yadda aka koya masa komai.

Ya ɗaga kai ya dubi titi,
inda wata yarinya ke tsallake kududdufi.

"Ba za su isa ba," ya ce.
Ya biya, ya mayar da littafin cikin leda,
ya fita cikin ruwan sama ba laima.