Ƙafa Huɗu, Ƙusa Ɗaya

A Valparaíso ƙasa ba ta iya kwanciya ba,
kullum gangara take yi wajen teku,
abin da ka ajiye duk sai ya bi ta.
Shi ya sa Heriberto ke fara durƙusawa
kafin mu sauke benci daga mota,
ya ƙwanƙwasa wurin da ƙotar guduma,
ya kasa kunne kamar mai sayen kankana.

Kankare, in ji shi, ɗan halak ne.
Huda shi, hure ƙurar ramin sau uku,
zura ƙusa mai buɗe baki daga ciki, ɗaure.
Shi ke nan, har jikokinki.

Kwalta kuwa munafuka ce, Ximena.
Da safe ta nuna miki tauri,
rana na take tsaka ta saki amana.
Yanke ta, haƙa kamu ɗaya,
zuba siminti, ki dawo jibi.

A kan tudu, inda aka jera duwatsun daɓe
tun ba a haifi kakarsa ba,
ba ya yarda a huda ko guda.
Mukan ciro su, in sa musu lamba da alli,
mu binne gindin ƙarfe,
mu mai da kowa ɗakinsa.
Ran nan na juya na bakwai.
Bai ce uffan ba, guduma kawai ya miƙo mini.

Katakon bakin tasha ba ruwansa,
gishiri ne ɓarawon:
shekara biyu ya lashe noti ƙarƙaf.

Sai bencin Clorinda mai kifi.
Shekara goma sha tara tana jansa,
inuwa na gudu tana binta.
Takarda ta zo daga hukuma: a kafe shi.
Ta tsaya, hannu a ƙugu, ɓawon kifi har gwiwar hannu,
ta ce mu kafe rana tukuna.

Heriberto ya daɗe yana susar haɓa.
Rami ɗaya ya huda.
Ƙusa ɗaya, doguwa, da zoben tagulla a wuyanta,
ƙafa uku ya bar su 'yantattu.
A takarda ya rubuta: an kafe.

Bara gwiwa ta ajiye shi a gida.
Ni ke ƙwanƙwasa ƙasa yanzu,
kunnena bai kai nasa ba.
Amma in na biyo ta kasuwa wajen ƙarfe uku
nakan ji ƙarar nan, ƙiii,
Clorinda ta tura bencinta da ƙugu,
ƙafafu uku sun ci daɓen
sun zana rabin wata.