Kwando Goma Sha Ɗaya

Tun asuba na baro Dakace,
raɓa a ƙafa, Galma a bayana tana gunaguni,
kwando goma sha ɗaya na tumatir
a bayan a-kori-kurar Jatau.
Duk ramin da muka faɗa sai na ji shi a haƙarƙari,
kamar ni ne ke fashewa.

Muka iske kasuwa ta yi jawur.
'Yan Hunƙuyi sun riga mu, 'yan Shika sun sauke,
kowa ya dasa rana ɗaya, kowa ya tsinka rana ɗaya.
Dillali ya ɗaga ganyen rufi da ɗan yatsa,
ya yi tayin da bai kai kuɗin man injin ban-ruwa ba,
ya wuce yana sakace,
babu ko waiwayowa.

Na zauna a kan dutse ina lissafi:
bashin taki, ladan yaran dashe,
takalmin Ladidi da na yi alkawari tun Sallah.
Lissafi ya ƙi fita.
Ƙudaje suka fara zuwa gaisuwa.

Sai Tabawa mai kauɗa, 'yar Bomo,
wadda tabarmarta ba ta fi faɗin zane ba,
ta ce, "Tanimu, wa ya rasu?"
Na nuna mata kwanduna.
Ta ce, "Waɗannan da ransu, ruwa ne ya yi musu yawa.
Tsaga su, ka shanya a kan raga, ban da ƙasa,
ka ɗaure bakin buhu har damina ta kankama.
Rana ba ta karɓar la'ada,
kuma ba ta san dillali ba, balle ta ji tsoron faɗuwa."

Can gindin mangwaro an yi da'ira.
Wata yarinya daga Samaru, wai ita malamar gona,
Rakiya, sa'ar 'yata ta fari,
ta baje kashin kaji da toka da ƙaiƙayi a kan buhu
tana bayanin ramin taki,
da jiƙon ganyen dogon yaro don ƙwarin kabeji.
Na dubi farcenta, babu ƙasa a ciki.
Na ce a raina, yau kuma ƙwai ke koya wa kaza kwanciya,
amma ƙafata ta ƙi tafiya,
kunnena ya ƙi rufuwa.

Sai ta rufe littafi ta ce,
"Wa ke da tsohon irin kaura, na kakanni,
wanda bai taɓa shiga leda ba?"
Shiru.
Ni kuwa akwai dami uku a rumbu,
irin Baba, mai jan wuya, wanda ya ga fari biyu bai kwanta ba.
Na faɗa. Na ƙara da yadda yake jefa wake tsakanin kunya
don ƙuduji ya rasa wurin zama.
Ta ce in maimaita, a hankali.
Ta rubuta. Ta tambayi sunan Baba, ta rubuta.
Ni da ban taɓa riƙe alli ba,
ga maza ashirin sun yi tsit,
ana ɗaukar karatu a bakina kamar hatsi a tsaba,
har Jatau ya bar mota ya matso yana leƙowa.

Huɗu na sayar, a faɗe.
Bakwai suka biyo ni gida.
Kuluwa ta gan su, ta dube ni, ba ta ce komai ba,
ta aika a aro wuƙaƙe a maƙwabta.

Yau kwana uku rufin ɗakinmu ja ne.
Na haƙa rami bayan garke, Ladidi na zuba toka
da ƙafarta a tsohon silifa.
Ta ce, "Baba, takalmin fa?"
Na ce, "Ga shi can a sama yana bushewa."