Riɗi Ba Ya Jiran Lahadi

Wata huɗu ke nan da aka ɗora mini hannu,
aka ce, je ka Gadarif.
Na zo da akwatin ƙarfe, da kwat ta aro,
da Larabcin da bai fi cikin cokali ba.

Majami'armu rumfa ce mai kwano shida.
Benci bakwai, ɗaya gurgu,
mun tallafe shi da bulo.
In ruwa ya sauka, baƙar laka ta riƙe takalmi
riƙon mai bin bashi,
sai mu shiga gaban Ubangiji ba komai a ƙafa,
ba don tsarki ba, don dole.

Lahadin farko na miƙe da takarda tara.
Kwana na yi ina feƙe kalmomi.
Ban kai ta uku ba Iya Koshe ta yi barci,
jikanta na tsotsar bakin mayafinta.
Da aka tashi ta kama hannuna ta ce,
"Sannu, ɗana. Rabona da barci irin wannan
tun muna Kadugli."
Na kai maganar gida,
Rifkatu ta yi dariya har kisira ta ƙone.

Maƙwabcina Baffa Sha'aibu tela ne.
Kakansa ya taso daga Haɗeja a ƙafa, za shi Makka,
guzuri ya ƙare a nan, ya yi gona, ya yi aure.
Hausarsa ta tsufa a hanya,
tana da ƙamshin da tawa ta rasa.
Ya san inda na dosa, na san alƙiblarsa.
Ya rage mini hannun kwat, ya ƙi karɓar ko sisi:
"Mai tsayawa gaban jama'a
ba ya fita kamar an rataye shi a ƙusa."
In an kira la'asar ya miƙe,
ni in tsare masa shago,
gahawa na hucewa tana jiransa.

Sai kaka ta yi.
Lahadi uku benci ya fi mutane yawa.
Na dafa wa'azi mai yaji a kan masu sanyin zuciya,
na bi Kuku har gona don in fara da shi.
Bai ko ɗago ba.
Ya ce, "Malam, riɗi ba ya jiran Lahadi.
Ka yi masa lattin kwana biyu, ya buɗe baki,
shekara guda ta zube a ƙasa,
tururuwa ta yi maka godiya."
Ya miƙo mini lauje.

Na yanka. Na yanka har rana ta karkata.
Tafin hannuna ya yi ruwa, ya fashe.
Wa'azin yana aljihu,
gumi ya shige shi, tawada ta bi ta narke,
duk faɗan da na tanada ya koma shuɗin tabo a riga.

Da magariba damman riɗi na tsaye a jere,
kai haɗe da kai, kamar masu shawara.
Muka zauna a gindinsu mu goma sha ɗaya,
har da biyu da ban taɓa gani a rumfa ba.
Tulu ɗaya, moɗa ɗaya.
Kuku ya ce, "To, yanzu yi mana addu'a.
Gajeruwa."
Na buɗe baki, Larabcin ya gudu,
na yi ta da Hausa, muryata na rawa.
Ba wanda ya ji me na ce.
Kowa ya ce amin.

Daren nan na kasa riƙe alƙalami.
Rifkatu ta shafa mini mai a hannu,
tana mitar rigar da na ɓata.
Ubangiji, ni ka aiko musu,
ko su ka ajiye mini a nan?
Na kasa kunne.
Keken Baffa kawai ke tafiya a bayan katanga.

Na buɗe Littafin da gefen hannu,
ƙwayar riɗi uku ta gangaro daga tsakiya.
Kuku ya ce in fito da asuba,
saura gonar Iya Koshe.